Tuwon Gas Ba Ya Nuna, In Ji Wanda Bai Taɓa Hura Wuta Ba

Na hango ku. Tun daga kan maganar kun taɓe baki, wani ma har ya tura hula gaban goshi ya ce, "To, ga ɗan boko nan ya zo zai koya mana tuwo." Ku kwantar da hankalinku. Ni ban iya tuwo ba, kamar yadda ku ma ba ku iya ba. Bambancinmu guda ne: ni na yarda ban iya ba. Ku kuwa da ana ba da digiri a kan ɗanɗanon tuwo, da tuni kun zama shaihunan malamai, alhali rabon ɗayanku da shiga madafi tun ranar da aka kama shi yana satar ƙanzo, yana ɗan shekara bakwai.

Ga yadda abin ya faro. Damina ta wuce ta bar bangon madafin gidanmu a Gidan Goga, cikin ƙaramar hukumar Maradun, da tsaga wadda ƙadangare ke shiga ya fita ba sallama. Muka ce tunda dai za a taɓa gini, a yi mai gaba ɗaya: a sauke rufin, a fasa taga, a zuba siminti, a ɗaga kanta, a dasa murhun gas a cikinta. Ranar da ɗan kabu-kabu ya sauke tukunyar gas mai kilo 12.5 a ƙofar gida, wadda aka ciko daga Talata Mafara, Kaka ta dube ta sama da ƙasa, ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta da carbi.

"Ni da wanga abu ba mu kwana gida guda," in ji ta. "In gado kaka so, ka jira Allah ya yi ikonai, ba sai ka sawo min bam ba."

Na ce, "Haba amaryata, wane gado? Akuya guda da tsohuwar kwalla?"

Ta ce, "Ja'iri. Ko su ba ka samu." Ta fice gidan maƙwabta.

To, bari in fara da ku, 'yan jam'iyyar Kaka, masu cewa bam ne. Ba zan ce tsoronku na banza ba ne. Ranar 4 ga Janairun 2020 gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, cikin Kaduna, rayuka suka salwanta, kuma duk wanda ya ga hotunan ba zai manta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Amma ku ba ni amsar tambaya ɗaya tsakani da Allah. Kai malam mai faɗin bam, mene ne a cikin jarkar nan da ke bayan ƙofar ɗakinka, kusa da janareto? Zuma ce? Kai kuma da kake zuba fetur a babur injin na ci, kana hira da waya a kunne, yaushe ka zama jami'in kashe gobara? Kun shekara ashirin kuna kwana da fetur kamar ɗan cikinku, sai tukunyar ƙarfe mai murfi da makulli ce za ta hana ku barci. Sabo dai turken wawa.

Gas ɗin girki yana da hali, kuma halinsa ba ɓoyayye ba ne. Cakuɗe ne na iska biyu, furofen da buten, waɗanda ake matsewa a tukunya har su zama ruwa. Shi kansa ba ya da wari. Wannan ɗoyin da kuke ji kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da gangan ake zuba shi, domin in ya ɓalle hancinka ya riga wuta sani. Abu na biyu, ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Hayaƙi sama yake yi, shi kuwa ƙasa yake bi kamar ruwa, ya nemi kwari da lungu ya kwanta. Wanda ya riƙe waɗannan biyun ya riƙe rabin karatun. Sauran rabin na koye shi ne da kuɗin aljihuna, kuma tunda kun fi son labarin wahalar mutum, ku gyara zama.

Maginin da na ɗauko dattijo ne, ya san aikinsa, amma bai taɓa gina wa gas ɗaki ba. Na ce masa ya jira murhun ya iso kafin ya bar ramin da za a dasa shi a kanta. Ya ce, "Malam, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Murhu ya iso, muka ɗora, sai ga shi yana neman zurmawa; idon dattijo ya yi wa kima ƙarin yatsa biyu ta kowane gefe. Aka sake sayen siminti. Don haka darasi na farko: a sayi murhu tukuna, a auna shi da tef, sannan a bar masa gurbi. Na biyu kuma, tsawon kantar ba da ƙugun maigida ake auna shi ba. Uwargida ce ta zo ta tsaya da muciya a hannu, aka sa alama a bango daidai inda hannunta ke samun ƙarfin tuƙi. Ita ce kuma ta hana ni sayen mai fuskar gilashi, wanda ya tafi da hankalina a shago. Ta ce, "Wannan na masu dafa shayi ne. Ranar da na danna masa tukunyar tuwo, sai dai ka tsince shi da tsintsiya." Muka ɗauki mai fuskar ƙarfe, mai kai uku, wanda ke kunna kansa da batir, don kada ranar da babu wutar lantarki a koma laluben ashana.

Da aka zo wurin ajiye tukunya, sai magini ya kawo shawara mai kama da hikima. Ya ce a haƙa mata ɗan rami a cikin madafi, a rufe da katako, yara ba su gani balle su taɓa. Ku da kuke gyaɗa kai yanzu kuna cewa dattijo ya yi tunani, ku ne ainihin abin tsoro, ba gas ba. Abin da ke bin ƙasa ya kwanta a kwari, shi za a haƙa wa rami? Ai ka gina masa tafki ke nan, yana taruwa yana jiran ranar da wani zai ƙyasta ashana. Waje muka fitar da ita, bayan bango, cikin inuwa. Aka yi mata keji na ƙarfe mai shan iska ta ko'ina, da kwaɗo saboda yara, tana tsaye a kan dandamalin siminti. Tukunyar gas ba a kwantar da ita, ba a barin ta ta gasu a ranar bazara, ba a kuma ajiye ta kusa da bakin kwata. Tiyon ya ratsa bango ta cikin bututu don kada siminti ya goge shi ko ɓera ya same shi a sauƙaƙe.

Kafinta ma ya yi nasa. Ya rufe ƙasan kanta ruf da ƙyauren katako, kyakkyawa kamar akwatin lefe. Sai da aka sa shi ya huda ƙofofin iska ta ƙasa. Taga kuwa biyu muka fasa, suna kallon juna, aka kuma bar 'yan kafofi a gindin bango. Murhun bai zauna daidai ƙarƙashin taga ba, domin iskar hunturu in ta buso tana iya kashe wuta gas ya ci gaba da fita, kuma labule da harshen wuta ba su taɓa zama lafiya ba.

Ranar haɗawa na ɗauko mai gyara daga Talata Mafara, wanda wannan ce sana'arsa. Ya ɗaura regileta, ya zura tiyo, ya ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe. Kafin ya ce uffan, wani maƙwabcinmu da ya shigo kallo ya zaro ashana daga aljihu.

"Bari in gwada muku in yana yoyo."

Mai gyara ya cafke hannunsa kamar ya kama ɓarawon waya. "Baba, in ka gwada da wannan, amsar za ta zo, amma ba kai za ka ba da labarinta ba."

Ya sa aka kaɗa omo a kwano, ya ɗebi kumfar da soso ya shafe duk wata mahaɗa. Muka yi tsit. A bakin maɗaurin da ke jikin murhu sai ga kumfa tana kumbura a hankali, ta fashe, wata ta taso, kamar maƙogwaron kwaɗo. Ba ƙara, ba komai. Ya ƙara murɗa sukurun sau biyu, ya sake shafawa, kumfa ta kwanta lakadan. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A harkar gas dai mai ɗaki bai sani ba, kumfa ce ta sani.

Aka kunna. Wuta ta tashi doguwa, ja-ja-ja tana rawa, nan take gindin sabuwar tukunya ya yi baƙi. Maƙwabcin nan ya yi dariyar ƙeta, ya ce, "Ashe shi ma icce ne, kuɗi kawai ya fi ci." Mai gyara bai tanka ba. Ya kashe, ya cire kan murhun, ya kwanto wani ɗan ƙarfe mai kafa a tsakiya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Nozul suke ce masa. Ya ce irin wannan murhun sau da yawa yakan zo da nozul na gas ɗin da ake turawa gidaje ta bututu a ƙasashen Turai, kafarsa ta fi faɗi, shi kuwa na tukunya ƙaramar kafa yake so. Ashe masu ƙaramar kafar suna cikin kwali a wata 'yar leda, saura kaɗan yara su yi wasan dara da su. Ya musanya, ya kunna. Wuta ta fito shuɗiya, gajera, a zaune, ba hayaƙi. Ku riƙe wannan: shuɗiyar wuta lafiya, wadda ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya kuwa tana neman mai gyara.

Kafin ya tafi ya tara mutan gida ya yi musu huɗuba. In an ji wari, a rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita. Kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. In an gama girki a rufe daga tukunya, ba daga murhu kaɗai ba. A riƙa duba tiyo, in ya fara tsagewa ko ya bushe a sauya shi, kada a naɗe shi da leda ko robar taya. Tukunya ba a cika ta maƙil, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar domin gas ya samu wurin motsi in ya ji zafi. Ita ma tana tsufa: hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sa mata wa'adin shekara 15, kuma shekarar ƙirarta na nan a buge a jikinta. Wanda ya je ya sayi tsohuwa mai tsatsa da aka shafe da sabon fenti don ya rage 'yan kuɗi, ya tuna araha ba ta ado. In gas ya ƙare kuma ya ƙare. Masu girgiza tukunya, da masu kwantar da ita, da masu kara ta kusa da wuta wai a tatso na ƙarshe, su ne ke ɓata wa gas suna.

Yanzu na zo gare ku, manyan baƙi, masu cewa tuwon gas ba ya nuna, ba ya ƙamshi, ba ya riƙe ciki. Shugabanku a gidanmu Kawu ne. Ya rantse ko ido rufe zai bambance. Inna da uwargida suka haɗa baki ranar wata Juma'a, aka yi tuwon shinkafar Bakolori kashi biyu, ɗaya a gas, ɗaya a murhun tsakar gida, miya guda. Kawu ya gutsiri na farko, ya lumshe ido, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ka ji ƙamshin marke. Wannan shi ne tuwo." Ya taɓa na biyu ya ture kwano, ya ce ga ɗanyen gari nan yana jin sa a harshe. Inna ta rufe baki da gefen zane ta shige ɗaki. Tuwon da ya yaba ɗin na gas ne, ko warin marke bai ji ba. Har yau ba a gaya masa ba, kuma in ya karanta wannan, Kawu a yi haƙuri, gani ya kori ji.

Ku tambayi kowace mace, za ta gaya muku abin da ke nunar da tuwo: ruwa ya tafasa sosai, talge ya dahu, a tuƙa da ƙarfi, a rage wuta a bar shi ya turara. Tukunya ba ta tambayar wuta daga ina take. Har ma gas ya fi sauƙi wurin turarawa, domin murɗawa ɗaya ce, ba sai an janye itace ana yarfa hannu ba.

Abin da kuke kira ƙamshi kuwa, na ga asalinsa ranar da aka sauke tsohon rufin. Azarar ta yi baƙi ƙirin, kunkunniya ta kama ta kamar an shafa kwalta, in ka taɓa sai ta biyo yatsa tana danƙo. Magini ya jefo guda ƙasa, ni kuwa na tsaya ina kallon ta. Azara ba ta numfashi, ta zama haka. Inna ta fi shekara talatin a ƙarƙashin wannan rufin, safe da yamma, a tsugune tana hura wuta da baki, ido na hawaye, mu kuma muna goye a bayanta. Tarin da take yi da asuba tun muna yara, mun ɗauka halittarta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙar sa. To, ku masu kare martabar murhu daga kan tabarmar zaure, in ƙamshin ne ba ku iya rabuwa da shi, ga wuri. Ku shiga ku hura na mako guda da ɗanyen icce a tsakiyar Agusta, sannan mu sake zama.

Saura masu lissafi, waɗanda suka ce gas na masu albashi ne. Ku dai kun fi sauran gaskiya, ba zan yi muku gardamar banza ba. Gas ya yi tsada, kuma tun daga 2023 da aka janye tallafin fetur kuɗin ɗauko komai ya ƙaru. Mutumin Gidan Goga in tukunyarsa ta ƙare, sai ya haɗa da kuɗin babur zuwa inda ake cikawa. Abin haushin ma, ƙasar nan tana zaune a kan iskar gas da ta haura ƙafa tiriliyan 200. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas ya fara ba kasuwar cikin gida gas ɗin girki tun 2007, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta yi shelar shekara goma na gas. Duk da haka sai tanka ta ratso ƙasar nan tun daga kudu kafin uwargida ta dafa shayi. Kada kuma wani ya ce mu jira bututun AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano; wancan wata iska ce daban, ta masana'antu da tashoshin lantarki, ba za ta biyo ta Bakura ta shigo madafinku ba. 'Yan'uwanmu na Nijar tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 suke samun nasu gas ɗin kusa da gida.

Amma ku ma ku yi lissafin da gaskiya. Wa ya ce icce kyauta ne? Dattawa sun ce da a bayan gari ake saro marke da ƙirya. Yau sai kalgo da sabara, su ma sai an yi tafiya. Ba don ado aka sa Zamfara cikin jihohi 11 na shirin dasa shingen itatuwa don tare hamada ba. Sannan akwai abin da ba na zolaya a kansa: duk wanda ke Maradun da kewaye ya san shiga daji neman icce a shekarun nan ba kamar da ba ne, kuma ba kowace uwa ce ke samun natsuwa ba sai ta ga ɗanta ya dawo. Wannan kuɗin ba ya shiga lissafin kilo. Gas kuma yana jin tattali. A jiƙa wake tun dare, a yanka albasa a jajjaga kayan miya kafin a kunna, a rufe tukunya, in ta tafasa a rage wuta. Mai kunna gas sannan ta aika yaro sayen magi, ita ce za ta ce ba ya auki.

Don kada ku ce na ci kuɗin masu gas, ga abin da ya gaza, in faɗa da bakina. Ba ya toka, don haka mai son ruwan toka a miya ko tokar goge tukunya sai ta nema wani wuri. Ba ya garwashi, kaskon turaren wuta ya zama maraya. Ba a zagaye shi a ji ɗumi da sanyin Janairu, ba a tura masa dankali ko masara a gindi. Tukunyar suna da ta biki kuwa ta fi ƙarfinsa. Uwargida ma ta yi ƙorafin da ban zata ba: maƙwabta sun daina shigowa ɗibar wuta, labarin unguwa ya daina iso mata da zafinsa. Saboda haka duwatsun nan uku suna nan a tsakar gida, a fili inda hayaƙi ke da hanyar tafiya, ba wanda ya kore su. An dai rage musu aiki ne, kamar tsohon ma'aikaci da ake kira ranar taro.

Kaka kwana uku ta yi a maƙwabta. Rana ta huɗu ta dawo, wai ta zo ɗaukar goronta. Washegari da asuba, ana tsakiyar sanyi, na ji ana buga min ƙofa da sanda.

"Kai, miji na banza, tashi ka kunna min bam ɗin nan. Ruwan alwala nika so."

Kafin ta gama ɗaura ɗankwali ruwa ya yi ɗumi. Har yau ba ta yarda ta taɓa makunnin ba, in za ta wuce kejin tukunya kuma sai ta yi bisimilla ta raɓa ta nesa. Ban hana ta ba, don tsoronta ya fi gangancin mai ashana amfani. Ita ce ma ke bin kowa da tambaya da dare ko an rufe regileta. Inna kuwa ta daina shafa ido da gefen zane.

Ku kuma ƙofa a buɗe take. Duk wanda hanya ta biyo da shi Gidan Goga ya tsaya ya ci tuwo. Ba za mu gaya masa a inda aka dafa ba sai ya suɗe hannu. Wanda ya dage lallai sai na icce, ba za a yi faɗa ba: gatari na nan a bayan ƙyaure, muciya na rataye, kujerar tsuguno ma mun ajiye masa.